Zauren Tambaya da Amsa: Da Me Ake Auna Tasirin Masanin Ilimin Gado?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku, sashen nazarin halittu. An ba mu aikin gida, kowa ya zaɓi masani ɗaya a fannin ilimin gadon ɗan Adam, ya rubuta yawan binciken da ya wallafa da irin tasirin da ya yi. 'Yan ajinmu duk sun ruga Google Scholar, shafin intanet mai ƙirga ayyukan masu bincike, suna kwafo lambobi, wannan ya ce nasa an ambace shi sau dubu ɗari, wancan ya ce nasa ya fi. Ni na zaɓi Anthony Allison saboda ƙanena mai sikila ne, kuma na ga sunan mutumin a littafinmu, amma a layi ɗaya tak. Ƙawata ta ce na zaɓi tsohon yayi, ba zan sami maki ba. In canza ne? Kuma waɗannan lambobin me suke nufi?
Daga wata ɗaliba, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba ƙanenki lafiya. Kada ki canza. Ki gaishe mini da ƙawar taki, ki ce mata na ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Bari mu fara da lambobin, mu sallame su da wuri. Lamba ta farko ita ce yawan maƙalun da mutum ya wallafa a mujallun ilimi. Ta biyu ita ce ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kawo sunan aikinsa a cikin nasu. Ta uku ita ce wadda ake kira ma'aunin h, wanda wani masanin fiziks a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro a 2005. Idan aka ce ma'aunin h na mutum 40 ne, to yana da maƙala 40 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 40. Hirsch ya yi haka ne don kada mai maƙala ɗaya da ta yi fice, ko mai tarin maƙalun da ba wanda ya karanta, ya zo ya cika wa mutane baki. Dabarar ba ta da laifi. Na taɓa zama a kwamitin duba takardun ƙarin girman malamai, kuma ban ga yadda za a yi a watsar da ita gaba ɗaya ba.

Sai dai ambato kamar jama'ar ɗaurin aure ne. Akwai wanda ya zo don ango, akwai wanda ya zo don uban amarya, akwai wanda abokinsa ya janyo shi, akwai ma wanda ya zo ya ga ƙwaƙwaf. Mai ƙirga kawuna ba ya bambance su. Wanda ya ambace ki don ya ƙaryata ki, shi ma an ƙirga miki shi. A fannin ilimin gado abin ya fi rikicewa, domin manyan ayyukan yanzu na taron dangi ne. Maƙalar da aka wallafa a 2015 kan aikin nan na karanta gadon mutane 2,504 daga al'ummomi 26, ciki har da Yarbawan Ibadan da 'yan Esan na Jihar Edo, tana ɗauke da sunayen ɗaruruwan marubuta, kuma kowannensu duk ambaton da aka yi mata yana shiga asusunsa cif. Don haka kafin 'yar ajinku ta yi miki taƙama da dubu ɗari, tambaye ta: a cikin maƙalu biyar na sama, nawa ne mutuminta ya jagoranta?

To, ga naki mutumin. An haifi Anthony Allison a Afirka ta Kudu a 1925, ya tashi a gonar mahaifinsa kusa da Gilgil a Kenya, ya yi karatu a Johannesbag sannan ya wuce Oksfod a Ingila. Ya rasu a Kalifoniya a 2014. Ya wallafa maƙalu fiye da 400. Wannan ki rubuta, tunda malaminku ya nema. Amma wadda ta sa sunansa ya shiga littafinku shafi biyar ce kacal, a mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, a watan Fabrairun 1954.

Kafin nan an riga an san abubuwa biyu. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna cewa himogulobin ɗin mai sikila, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya bambanta da na sauran mutane. A shekarar kuma James Neel ya tabbatar da yadda ake gadonta: wanda ya karɓi gadon sikila, wanda ake yi wa alama da harafin S, daga uwa da uba, SS ke nan, shi ne mai ciwon, wanda ya karɓa daga gefe ɗaya, AS ke nan, yana ɗauke da ita amma lafiyarsa lau. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne wannan: a wancan zamanin kusan duk yaron da aka haifa da SS a ƙauyukan Afirka ba ya kai shekarun aure. Kowane yaro da ya rasu ya tafi da S guda biyu. In haka ne, ai kamata ya yi abin ya yi ta raguwa daga kaka zuwa jika har ya kusa ɓacewa. Me ya sa bai ɓace ba?

A 1949 Allison yana ɗalibi ya bi wata tawagar jami'arsu zuwa Dutsen Kenya. Sauran suna tattara tsirrai da ƙwari, shi yana ɗibar jinin mutane daga ƙabila zuwa ƙabila. Sai ya lura da wani abu. A cikin Luo na gaɓar Tafkin Biktoriya da mutanen bakin teku, masu AS sun haura kashi 20 cikin 100. A cikin Kikuyu na tsaunuka da Masai kuwa, da ƙyar ake samun ɗaya cikin ɗari. Gaɓar tafki da bakin teku nan ne matattarar sauro. Tsaunukan kuwa sanyi ya hana zazzaɓin zama. Shi kansa ya sha zazzaɓin cizon sauro yana yaro, ya san ƙasar da ƙafarsa, ba a taswira ba.

Ya koma ya gama karatun likita, sannan ya dawo a 1953 don ya gwada zatonsa. Ki kula da yadda ya bi, domin nan ne makinki yake. Ya duba jinin yara 290 a kewayen Kampala a Yuganda. Cikin 43 masu AS, kimanin kashi 28 cikin 100 ne ke da ƙwayar zazzaɓin a jininsu. Cikin 247 masu AA kuwa, wato waɗanda ba su ɗauke da S, kusan kashi 46 ne. Sannan a Nairobi aka sa wa maza 30 'yan Luo ƙwayar cutar da gangan, 15 masu AS, 15 masu AA. Biyu kawai suka kamu a ɓangaren AS, a ɗayan ɓangaren 14. (Wannan gwajin, a yau babu kwamitin ɗa'ar bincike da zai sa masa hannu a yadda aka yi shi, a ƙarƙashin mulkin mallaka. Ki faɗi haka a takardarki, kada ki ji nauyi.) Bayan haka ya zaga Kenya da Yuganda da Tanganyika (Tanzaniya ta yau) ya gwada kusan mutum 5,000. Inda zazzaɓi ya yi katutu, AS kan kai har kashi 40. Inda babu shi, ba ta taka kara ta karya ba.

Amsar da ya fitar ita ce: SS tana kashewa, amma AS tana tsare yaro daga mutuwar zazzaɓi. Abin da aka rasa ta wannan gefe ana mayar da shi ta wancan, shi ya sa S ta zauna daram a cikin jama'a. A shekarar ya fitar da wasu maƙalu biyu, ɗaya kan yaɗuwar abin a Gabashin Afirka, ɗaya kan lissafinsa. Wannan shi ne karo na farko da aka nuna da hujja cewa wata cuta mai yaɗuwa ta sauya yawan wani gado a cikin mutane.

Adalci ya sa in gaya miki ba shi kaɗai ya hango ba. Wani likita, Beet, ya lura da alaƙar a ƙasar da ake kira Zambiya yanzu tun 1946, wani kuma, Brain, ya yi irin wannan zato a Zimbabuwe ta yau a 1952. Masanin ilimin gado ɗan Birtaniya J.B.S. Haldane ma a 1949 ya yi hasashen haka game da wata cutar jini ta yankin Bahar Rum. Bambancin shi ne su sun lura ko sun yi hasashe, shi ya je ya auna ta hanya uku ya haɗa su wuri ɗaya.

Kuma ba a karɓe shi hannu biyu ba. A 1955 Ernest Beutler da abokansa suka maimaita gwajin sa ƙwayar cutar da gangan a kan baƙaƙen fata manya a Amurka, ba su ga babban bambanci ba. Wasu a Afirka suka ƙirga masu ƙwayar cutar a jini, su ma suka ce ba su gani ba. An yi shekaru ana musu. Duk waɗannan masu musun, ki tuna, ambato ne a asusunsa. Abin da ya raba gardama shi ne da aka gane inda kariyar take. AS ba ta cika hana ƙwayar shiga jini ba. Abin da take hanawa shi ne ta yi yawan da za ta kayar da yaro, ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ta shanye jini. Binciken Tom Williams da abokansa a Kilifi ta Kenya a 2005 ya nuna AS tana rage zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 90 cikin 100, mai sauƙi da kusan rabi, amma a wajen ɗaukar ƙwayar ba tare da ciwo ba babu wani bambanci.

Yanzu ga abin da nake so ki sa a tsakiyar takardarki, don ƙila ba wanda zai kawo shi a ajinku. Ɗaya daga cikin manyan hujjojin da suka tabbatar da maganar Allison a nan ƙasar Hausa aka samo ta. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, lokacin tana Jihar Kano, yanzu Jigawa. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsa suka duba himogulobin ɗin mutanen, suka wallafa a 1979. A cikin jarirai, masu AS kimanin kashi 24 ne cikin 100. A cikin waɗanda suka wuce shekara biyar, 29. Ba wanda jininsa ya canza daga AA zuwa AS. Masu AA ne zazzaɓi ya fi ɗauka, sai rabon masu AS ya ƙaru a cikin waɗanda suka rayu. SS kuwa, kusan jariri 2 cikin 100 ake haifa da ita, amma a cikin waɗanda suka haura shekara tara ba a samun ko ɗaya cikin dubu. Duk lokacin da na koyar da waɗannan lambobin sai na ɗan dakata, domin bayan kowace lamba akwai uwar da ta yi goyo ta sauke. Ƙanenki yana raye yana zuwa asibiti a zamanin da ake da rigakafi da maganin hana zazzaɓi da ƙarin jini. Yaran Garki na wancan lokacin ba su samu ba.

Da Allison ya tsaya nan ma ya isa, amma bai tsaya ba. A 1961 shi da David Clyde suka kawo hujjar cewa ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ya yawaita a mazan Afirka, shi ma yana da alaƙa da kariya daga zazzaɓin. A shekarar kuma shi da Baruch Blumberg suka fito da dabarar amfani da jinin waɗanda aka sha yi wa ƙarin jini wajen gano bambance-bambancen gado a jinin wasu. Da wannan dabarar Blumberg ya ci gaba har ya yi kiciɓis da alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ya karɓi kyautar Nobel a 1976. Shi Allison bai samu ba. Bayan ya yi aiki a Landan da Nairobi, ya koma kamfanin magunguna na Syntex a Kalifoniya a 1981. Can shi da matarsa Elsie Eugui suka samar da maganin da ake sayarwa da sunan CellCept, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, mai hana jiki ƙin karɓar ƙodar da aka dasa. Tunanin maganin ma daga ilimin gado ya fito: ya lura cewa yaran da aka haifa da rashin wani sinadari garkuwar jikinsu ba ta aiki, masu rashin wani makamancinsa kuwa garkuwarsu lafiya, sai ya gane hanyar da sojojin jini suka dogara da ita wajen hayayyafa, ya nemi abin da zai toshe ta. In kin san wanda aka yi wa dashen ƙoda, a Kano ne ko a Indiya ko a Masar, ki duba ledar magungunansa. Da wuya ki rasa wannan maganin ko ɗan'uwansa.

Game da layi ɗaya da kika gani a littafi, kada ya rage miki gwiwa. Idan bincike ya zama sanin kowa, sai a daina kawo sunan mai shi. Dubban maƙalu suna cewa AS tana kare mutum daga zazzaɓi ba tare da sun ambaci 1954 ba, kamar yadda ba mai ambaton Mendel, uban ilimin gado, duk lokacin da ya zana AS da AS a allo. Injin ƙirga ba ya ganin wannan. Ki kawo lambobin a sakin layi ɗaya, sauran shafukan ki bi sawun maƙalar: me aka sani kafinta, wa ya musanta, wa ya tabbatar, me aka gina a kanta.

TAMBAYA: Malam, na ji a rediyo an ce masu AS sauro ba ya yi musu komai. Ni AS ne, wadda zan aura ma AS ce. Ashe ke nan 'ya'yanmu sun huta da zazzaɓi?
Daga wani mai shirin aure, Maraɗi.

AMSA: Malam, a'a, kuma ina roƙonka ka karanta wannan sau biyu. Mai AS yana kamuwa da zazzaɓi, yana kwanciya, wani lokacin har ya yi tsanani. Ragi aka samu, ba a yafe ba. Gidan sauro da zuwa asibiti suna nan a kanka kamar kowa.

Babbar maganar ita ce ta auren. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Kowane ciki lissafinsa daban. Ba wai in na fari ya zo da SS sauran ukun sun tsira ba. Na san gidan da uku suka zo a jere. Shi kuma mai SS zazzaɓi ba ya raga masa, yana daga cikin abubuwan da suka fi tayar masa da ciwo su shanye masa jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a Najeriya kaɗai ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara. Wannan na daga dalilan da suka sa Jihar Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwajin jini, har da na jinotaif, kafin a ɗaura aure. Ba ni zan yanke muku ba. Amma ku sake gwajin a asibitin da aka yarda da shi, domin ana samun kuskuren sakamako, sannan ku zauna da likitan jini, ku biyu tare da waliyyanku, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, kullum in ana maganar ilimin gado Turawa ake lissafowa, alhali jininmu ake ɗiba. Babu namu ne?
Daga wani malamin sakandare, Kumasi.

AMSA: Akwai, Malam, kuma ɗaya daga cikin manyansu ɗan ƙasarku ne. Farfesa Felix Konotey-Ahulu ya jagoranci asibitin masu sikila a Korle Bu da ke Akara, ya bi salsalar ciwon a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670, ya nuna cewa mutanen Afirka ta Yamma sun san ciwon sun kuma san yana bin jini tun kafin wani likita a Shikago ya bayyana shi a 1910. Ɗalibanka su san shi.

A Najeriya akwai Charles Rotimi, haifaffen birnin Benin, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Benin. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar masana ilimin gado ta Afirka da aka kafa a 2003, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata aka samar da H3Africa, shirin binciken gado da lafiyar 'yan Afirka, a 2010, wanda sharaɗinsa shi ne masu binciken Afirka su jagoranci aikin daga jami'o'insu. A 2021 aka naɗa shi daraktan kimiyya na cibiyar binciken gadon ɗan Adam ta gwamnatin Amurka. Akwai kuma Ambroise Wonkam ɗan Kamaru, mai bincike kan sikila da kurumtar gado, wanda a 2021 ya yi kira da a karanta gadon 'yan Afirka miliyan 3.

Ƙorafinka dai yana da tushe. Wani nazari na 2016 ya gano cewa kimanin kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 3, alhali Afirka ce ta fi ko'ina yawan bambancin gado. Da masu H3Africa suka karanta gadon mutum 426 kawai daga ƙasashe 13, suka wallafa a 2020, sun samo bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Berom na Filato suna cikin waɗanda aka duba. In kana da ɗalibi mai kan lissafi da son nazarin halittu, ka nuna masa wannan hanyar, ka kuma matsa masa ya koyi kwamfuta, domin yanzu rabin aikin a kanta ake yi.